Fitilar Gidan Ousseini

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe 7:40 na safe

Kwana goma sha ɗaya ke nan tun da Ousseini ya kafa fitilar nan a bangon bayan gidansa. Na ƙi rubuta komai a kanta har yau, domin a ganina bai dace mutum ya sa maƙwabcinsa a littafi ba. Amma haƙurina ya kai inda zai kai. Wannan ba fitilar gida ba ce. Irin wadda ake kafawa a gidan mai ce, fara fat, ba murfi, an ɗaga mata kai tana kallon tagar ɗakin kwanana kamar domina aka sayo ta. Daga magariba har wayewar gari tana ci. Na haɗa labule biyu, hasken ya bi ta gefe ya kwanta a silin. Kowace safiya sai na share matattun ƙwari daga bakin taga. Na yau ashirin da uku ne, har da wani mai kitse da ya fashe a cikin tsumma. Na wanke hannu sau uku.

Matata Kubura ta ce, "Baban Amal, ka leƙa ka gaya masa mana. Taku nawa ne?"

Taku goma sha takwas ne, na taɓa ƙirgawa. Amma ba ta fahimci inda matsalar take ba. A duk layinmu nan Sedgefield gida biyu ne kawai ake jin Hausa a cikinsu, namu da nasa. Shi ne yake yi mini hon sau biyu kowace Juma'a mu tafi masallaci a motarsa. Shi ne ya zauna a falona kwana uku yana karɓar masu gaisuwa lokacin da labarin rasuwar mahaifina ya zo daga Funtuwa. Ba a tsayawa a ƙofar irin wannan mutum a ce masa fitilarsa ta dame ka. In na rasa Ousseini, ban san wanda ya rage mini a garin nan ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 6:50 na yamma

Na same ta. Tana cikin jakar takarduna, tsakanin takardar kashe gobara da ta hawan jini. Ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu ce ta ba mu ita shekarar da muka tare, shafi huɗu a kan fitilun waje. Kusan duk abin da na sani a ƙasar nan daga irin waɗannan takardu na koya, kuma ba su taɓa yaudarata ba. Ta ce wajibi ne kowace fitilar waje ta kasance da murfin da zai sa haskenta ya kalli ƙasa. Ta ce hasken da ya tsallaka iyakar fili kada ya wuce rabin fut-kandil, wato ma'aunin da suke auna haske da shi. A shafin ƙarshe ta ce wanda abin ya dama yana iya cike fom, kuma ba dole ne ya sa sunansa ba.

Na ja layi a ƙarƙashin wannan jimlar da jan biro.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 6:55 na safe

Na aro mitar auna haske daga ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki. Safiya uku a jere, da na idar da sallah, ina zuwa bakin shinge in auna. Huɗu da ɗigo biyu. Huɗu da ɗigo ɗaya. Huɗu da ɗigo biyu. Ya ninka abin da doka ta yarda fiye da sau takwas.

Akwai wani abu kuma, wanda ban so in rubuta ba. Hajiya Fassouma, mahaifiyar Ousseini, wadda ta zo daga Maraɗi da bazara, a waje take alwala. Tana saukowa matakala uku na bayan gida da butarta, ta zauna a 'yar kujera kusa da famfon ban ruwan ciyawa. Daga nan sai kurkure baki, sai kaki, sai fyace hanci, duk a kunnena, taku huɗu daga inda nake tsaye. Ruwan ya bi ƙasa ya gangaro ƙarƙashin shingena. Kubura ta ce tsohuwar ta rantse ba za ta ambaci sunan Allah a ɗakin da masai yake ba, wai ita ba ta ga dalilin da mutanen ƙasar nan suke haɗa wurin wanke fuska da wurin zagayawa ba. Ina da takardar da aka raba a masallaci wadda ta yi bayanin hukuncin wannan, kuma akwai sauƙi a cikinsa. Kubura ta ce idanun Hajiya ma sun yi rauni.

Ban ga alaƙar wannan da dokar fitila ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 4:20 na yamma

Na yi abin da takardar ta ce a yi. Ba suna. Na haɗa da jadawalin awo, da rula na ja layukansa. Na ajiye kwafi, kamar yadda na saba.

Sha biyu da minti arba'in Ousseini ya yi hon sau biyu. A mota ya miƙo mini dabino. Na ci. Har yanzu ina jin ɓawonsa a maƙogwarona.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 7:30 na yamma

Mista Sylvanus na ƙungiya ya zo gidansu da ambulan. Ta gefen labule na gan su. Ousseini ya buɗe a tsaye, ya daɗe yana duba shafi na ƙarshe, sa'an nan ya ninke ya sa a aljihu. Bai dubi gidana ba.

Magariba ta yi, fitila ba ta kama ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Na yi barci. Ƙwari: babu.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 3:45 na yamma

A hanyar masallaci Ousseini ya rage rediyo ya ce, "Voisin," wato maƙwabci, yadda yake kirana da Faransanci, "ka ji wai wani ya kai ƙarar lampe ɗina, fitilar nan?"

Na ce ban ji ba.

"Vraiment, da gaske. Sun ce in kashe ta sai na sa mai murhi. Na yi oda, ba ta iso ba, ga shi gobe ina da lodin tirela zuwa Memphis, kwana shida. Na ce wa Maman ta riƙa haskawa da waya, ta ce da wane hannu, na buta ko na sanda?" Ya yi dariya kaɗan. Muka tsaya a jar wuta, ya juyo ya dube ni. "Da mutumin ya ƙwanƙwasa mini ƙohwa, ai da tsani kawai za mu ɗauko."

Na ce, "Mutane sai Allah."

Da bakina na faɗi haka. Bakin da na yi sallar Juma'a da shi bayan minti ashirin.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 8:15 na safe

An kwana ana ruwa. Ganyen bishiyoyi ya zubo ya manne ko'ina.

Wajen shida saura na ji wani sauti daga bayan gida. Na ce a raina kwandon shara ne iska ta kayar. Na gyara bargo. Ɗakin yana da duhu mai daɗi. Dalila, matar Ousseini, tana fita aiki tun ƙarfe biyar, wannan na sani. Ousseini yana kan hanya, wannan ma na sani.

Kubura ce ta tashi zaune ta ce, "Wannan ba kwando ba ne." Ta fita ba takalmi.

Daga baya jan haske na motar asibiti ya yi ta juyawa a silin, daidai inda farin yake kwanciya. Da suka tafi na leƙa ta saman shinge. Buta tana gefe a kwance, murfinta can nesa. Takalmi ɗaya a matakala ta biyu.

Ban je aiki ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 8:05 na yamma

Ƙashin ƙugu ne. An yi wa Hajiya aiki yau.

Kubura ta dawo daga asibiti ta shiga neman katin inshorar da Dalila ta taɓa ba mu ajiya. A jakata ta nema, domin a nan ake ajiye komai. Ina cin tuwo ta fito da takardu biyu, ta ƙungiya da kwafin fom ɗina, ta shimfiɗa su kusa da kwanona.

"Mene ne wannan?"

Na ce doka ce, ba ni na rubuta doka ba.

"Wannan kuma rubutun wa? Baban Amal, tsohuwa ta faɗi a duhu ta kwanta a kan siminti cikin ruwa, tana kiran sunana, kai kana jan bargo. Wai anonymous, ba suna!" Ta ɗauki takardar ƙungiya ta kai ta kusa da fuskata. "Ka ja layi a nan. To karanta mini na samansa."

Ban karanta ba. Na san abin da ke wurin. Ita ta karanta da ƙarfi, tana bin sa da yatsa: ana shawartar mai ƙorafi ya fara magana da maƙwabcinsa kafin ya cike fom.

"Su ma Turawan da ka bi sun ce ka fara gaisuwa," in ji ta. "Ranar da Hajiya za ta dawo gida, ko ka faɗa masa ko ni in faɗa. Ba zan riƙa kai musu kunu da wannan a cikina ba."

Ta kwashe filonta zuwa ɗakin Amal, wanda ba kowa a ciki tun da ta tafi makaranta. Miyar ta yi sanyi, mai ya taru a kanta. Na zubar.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Ousseini yana asibiti wurin mahaifiyarsa. Na tuƙa kaina zuwa masallaci.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Jama'a sun je dubiya, ba yadda zan yi in ƙi. Warin wurin bai bar hancina ba har yanzu, maganin goge ƙasa haɗe da abinci mai ɗumi. Hajiya tana barci, ta ƙanƙance a cikin gado. Maza muka tsaya a baranda.

Malam Muntari, wanda ya taso tun daga Summerfield, shi ya ɗauko maganar. "Ai an san ko wane ne. Wannan tsohon Baturen na ɗaya gefen, mai kare. Tun ranar suna yake harararmu saboda fakin." Wani ya ce a rubuta wa ƙungiya a kansa. Malam Muntari ya ɗaga hannu ya ce, "Ko wane ne, Allah ya nuna masa abin da ya shuka tun a duniya."

Kowa ya ce amin. Ina tsakiyarsu. Shiru a wurin zai fi magana ƙara, saboda haka ni ma na ce amin.

Ousseini kaɗai bai ce ba. Ya ce, "Ku bar mai kare, ba ruwanshi. Ku bar maganar ga baki ɗaya." Ya raka mu har lif. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Merci, voisin, ka yi ƙoƙari." Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Na san ya ji.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 7:10 na yamma

A bakin lif ɗin asibiti akwai maratayin takardu. Ranar Lahadi na ɗauko ɗaya, bisa al'ada, ban duba ba sai yau. A kan kare tsofaffi daga faɗuwa ce. Abu na farko a jerin: isasshen haske a kan matakala.

Na sa ta a jaka. Na fitar. Na mayar.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana

Hon sau biyu. Na tsaya a bayan ƙofa da hulata a kai. Ya jira minti huɗu, ya tafi. Na yi azahar a gida, namiji lafiyayye, ba uzuri.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na sayo fitila mai murfi, irin wadda aka zana a shafi na biyu. Haskenta ruwan ƙwai ne, yana sauka ƙasa kawai. Mai shagon ya ce sukurori huɗu ne da waya uku, minti goma sha biyar. Na sake tambayarsa. Ya ce, in mutum bai iya ba ma, minti ashirin.

Tana cikin but ɗin mota. Ban shigo da ita ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na safe

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan duk shekara. Ban san abin da zan yi da ita ba. Ɗakin yana da duhu yadda na nema, kuma tun huɗu idona biyu, ina sauraron famfon da ba wanda zai buɗe.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na yamma

Kubura ta ajiye mini abinci a rufe, ta ce, "Gobe da hantsi za a sallamo Hajiya daga gidan jinya."

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 7:20 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, bi da bi.

Bayan la'asar na ɗauki kwali a hannu ɗaya, tsani a kafaɗa, na yi taku goma sha takwas. Na shirya jawabi mai sassa uku, na haddace. Ousseini yana share ganye a matakalar baya. Da ya ɗago, jawabin ya tafi. Na ce, "Ni ne. Ni na cike fom ɗin."

Ya jingine tsintsiya ya shiga gida. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya fito da ambulan ɗin nan, ya zaro shafi na ƙarshe ya miƙo mini. Jadawalina ne. Ashe Mista Sylvanus ya haɗa da kwafinsa a matsayin hujja. Ba suna, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin lokacin awo na rubuta musu da Turanci, sau uku, da kyakkyawan rubutuna: bayan sallar Asuba.

"Layin ga gida ashirin da biyu ne," in ji shi. "Gida nawa ke sallar Asuba? Mai kare?"

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka kawo ta. Na ba ka Juma'a guda a mota. Na ce, bon, yanzu zai hwaɗi, mu yi dariya, mu ɗauko tsani. Ka ce mini mutane sai Allah." Ya karɓi takardar ya ninke a hankali. "Ni ma da laihina. Na tahi na bar ta cikin duhu saboda lodi. Wannan tsakanina da Allah ne. Amma ahuwa ba wurina take ba, Malam Habibullahi. Ba ni na kwanta bisa siminti ba."

Shekara tara bai kira ni da sunana ba sai yau.

Hajiya tana falo a kan gadon da aka saukar mata, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu a gefenta. Kubura da Dalila suna zaune a ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da na faɗa a waje, da ƙari.

Ta karkato kai. "Au, kai ne mai auna wuta? Ina ganin inuwarka bakin shinge, ka ɗaga wani abu sama kana ta dubawa. Na ce wa Dalila, 'yan Najeriya sun hito da sabuwar addu'a."

Dalila ta rufe baki da mayafi. Kubura ba ta yi dariya ba.

"Ɗana, tashi, gwiwarka ba ta yara ba ce. Likita ya ce ni da matakala sai wata shekara, in da rai. To zan yi alwala nan cikin roba. Amma ruwan alwalata ba ya shiga masai, ban taɓa ba, ba zan soma a ƙasar mutane ba. Ƙasa za a zuba shi, wurin famfona. Ousseini na hanya, Dalila na aiki. Kai kuwa na ga kana da tashin asuba da yawon bakin shinge. To aiki ya same ka."

Na ce to.

Ban ji ta ce ta yafe ba. Na saurara sosai.

Kafin magariba na kafa fitilar. Ousseini ya riƙe mini tsani. Minti goma sha bakwai.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 6:25 na safe

Kwana na uku. Kubura tana shiga ta taimaka mata, ni ina jira a ƙofar kicin. Robar shuɗiya ce, ruwan da ɗumi, kuma akwai abin da ke yawo a kansa wanda ba zan siffanta ba. Jiya na zo da safar hannu ta roba. Hajiya ta ji ƙararta daga falo ta ce, "Mi ne ne wannan? Gawa za ka ɗauka?" Yau da hannuna na ɗauka. A matakala ta biyu ya fallatsa mini a wuyan hannu. Na sauka, na zuba a gindin famfo, na ɗauraye robar.

Matakala ukun suna fitowa sarai a ƙarƙashin sabuwar fitila, har jijiyar ganye ana gani. Kafin in mayar da mita wurin aiki na auna a bakin shinge: sifili da ɗigo ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni.

Filon Kubura yana ɗakin Amal har yanzu. Amma yau ta zuba shayi kofi biyu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 3:30 na yamma

Tun sha biyu da rabi nake tsaye a bakin titi da hulata, don kada ya sami dalilin wucewa. Ya fito da mota, ya gan ni, ya tsaya. Duk da ina gabansa sai da ya yi hon.

Sau ɗaya.

Na shiga.